Abin da Muka Koya Wajen Kamun Ɓera a Kagoro

Da kaka, bayan an girbe acca, muka yi zangon kwana uku a gindin Dutsen Kagoro, kusa da Kafanchan, domin mu koyi halin ɓerayen daji. Ga abin da na gano, ko zai amfani 'yan'uwana masu shirin zama malamai.

Tarkonmu ɗan akwati ne na ƙarfe, ba ya kisa. In ɓera ya shiga ya taka farantin ciki, sai ƙyaure ya rufe. Da la'asar muka jera su a bakin gona, muka sa ƙuli-ƙuli da 'yar auduga saboda sanyin dare. Ba ko'ina ake ɗanawa ba. Sai a nemi 'yar hanyarsu cikin ciyawa, da kashinsu, da ɓawon gyaɗar da suka gaigaye. Kuma lalle a duba tun da asuba. Ni ran farko na makara, na tarar kwarkwasa sun riga ni.

Mun kama wani mai zane-zane a baya kamar saƙi, da jaɓa guda, ko da yake ita ba ɓera ba ce, ƙwari take ci. Amma wanda ya fi yawa wani ne toka-toka, ba shi da wani abin kallo. Na miƙa hannu haka nan zan ɗauka, malaminmu ya daka mini tsawa, ya ce in sa safar hannu, in rufe hanci. Sa'an nan ya birkice macen, ya ce in ƙidaya nonuwanta. Ɓeran gida goma gare ta, wannan kuwa takan kai ashirin da huɗu. Masana suna kiransa Mastomis, shi ne mai ɗauke da zazzaɓin Lassa.

An fara gane cutar a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969, a 1970 kuma ta kashe mutane a Jos, nan kusa da mu. Shi ɓeran ba ta kayar da shi, sai dai ya zuba ta cikin fitsari da kashi. Da rani, in an ƙone daji, ya dawo rumbu da ɗakin girki, ya bi kan hatsi da shanya.

Muna cikin wanke tarkuna sai ga yaran ƙauyen, kowa da 'yar sandarsa ta farauta, suna roƙo a ba su su gasa. Malam ya hana. Ya zaunar da su a inuwar ɗorawa, ya ce da ni, “To, kai mai koyon malanta, ga ajinka. Bismilla.”