Gyaran Wuta da Batir na Tsohuwar A-kori-kura

Duk wanda ya zaga Tsohuwar GRA ko Sabuwar GRA a nan Bauchi zai ga gidaje da yawa suna da tsohuwar a-kori-kura a gindin darbejiya, ƙura ta lulluɓe ta. Wasu Peugeot 404 ne ko 504, irin waɗanda kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kakuri, Kaduna, bayan ya fara aiki a 1975. Wasu Datsun ne ko Hilux ta da. Masu su galibi tsofaffin ma'aikata ne, ba sa tuna ta sai za a kai taki gona ta hanyar Dass ko a ɗauko buhunan masara. Ranar nan sai ta ƙi tashi, a tara yaran unguwa a yi ta turi, maigida ya ce batir ya mutu. Sau da yawa batirin nan lafiyarsa lau. Rashin kulawa ne, kuma yawancin gyaran mai mota zai iya yi da hannunsa.

Batirin mota yana da gida 6, idan ya cika yana nuna bolt 12.6 a mita. In ya sauka zuwa 12.2, rabinsa ya tafi. In inji yana aiki, ya kamata mita ta nuna tsakanin 13.8 da 14.4, ƙasa da haka, caja ce ba ta yi, ko kuwa fambel ya yi sako-sako. Danna fambel da babban yatsa, in ya lotsa fiye da santimita 1, a ɗaure shi kafin a zargi batir.

Ku lura da wannan, don mutane da yawa sun juya lissafin. Zafin bazara na watan Maris da Afrilu shi ne ke cin batir, yana ƙafar da ruwansa. Sanyin hunturu tona asiri kawai yake yi da asubar Disamba. Saboda haka a buɗe murafun kowane wata, a ga ruwa ya rufe farantan ciki. In ya ragu, a ƙara tataccen ruwan batir kaɗai. Ban da ruwan rijiya ko na burtsatse, ban da ƙarin asid. Motar da aka ajiye kuma batirinta yana zuƙewa da kansa. Ko dai a fita da ita a yi tafiyar rabin awa kowane mako, ko a cire wayar da ke kan alamar ragi.

Wannan farin garin da ke taruwa a kan batir, mai ɗan kore-kore, shi kaɗai ya isa ya hana mota tashi. A cire wayar ragi da farko, sannan ta ƙari. A jiƙa kanwa a ruwan ɗumi a wanke kawunan, amma kada ruwan kanwar ya shiga cikin gidajen. A goge da samfefa, a ɗaure da sifana, a shafa giris. Al'adar buga ƙusa ko dukan kan batir da dutse don ya kama, wadda direbobi ke yi a bakin kasuwar Muda Lawal, fasa batir take yi. Kuma kada a kusanto da taba ko ashana, gama iskar da batir ke fitarwa tana kama wuta.

To, in kik yana juya inji da ƙarfi amma mota ba ta kama ba, magana ta koma wajen wuta. Kwayil ne ke ɗaga bolt 12 zuwa dubbai, distirbuta ta raba wa fulogai bi da bi, kwantak kuma shi ne ƙofar da ke buɗewa da rufewa don wutar ta fita a kan lokaci. Buɗe murfin distirbuta ka duba bakin kwantak. In ya ƙone ya yi rami, a sake shi tare da kwandansa, don kwandansa mai rauni ne ke ƙona shi. Tazarar bakinsa a Peugeot milimita 0.4 ce. Ƙurar hunturu tana kwanciya cikin murfin, raɓar damina ta jiƙa ta, wuta ta bi ta nan ta tsere. Busasshen tsumma ne maganinta.

Fulogi kuwa yana faɗin gaskiyar inji. Bakinsa in ya yi ruwan toka ko ruwan ƙasa, ƙalau. Baƙar busasshiyar kunkunniya na nufin kafireta tana ba da fetur fiye da kima. In ya jiƙe da baƙin mai, inji ya fara shan mai, wannan kuma aikin gareji ne. Tazarar bakin fulogi kamar milimita 0.6, kusan kaurin ruwan zarton yankan ƙarfe, abin da tsofaffin makanikai ke gwadawa da shi ke nan. A cire wayoyin ɗaya bayan ɗaya don kada su rikice. Jerin tashin wuta 1-3-4-2 ne, amma Peugeot tana fara ƙirga silinda daga baya, wajen giya, abin da ya sha ruɗa yaran gareji waɗanda suka saba da motocin Japan.

Saita tayimin kam a bar wa gwani mai fitilar gwaji. Juya distirbuta da kunne, yadda ake yawan yi, yana sa inji ƙwanƙwasa a hawa, ya yi zafi, ya sha fetur a banza.

Saura mataccen batir. Cike yake da dalma da asid. Abin da dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda sama da 400 suka rasu ta dalilin haƙar zinariya, ya isa gargaɗi. Kada a fasa shi a tsakar gida, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya, kada a bar wa yara su yi wasa da farantansa. A kai wa mai sayar da batir, zai karɓa ya rage maka kuɗin sabo.