Hattara da Wayar Lantarki In Ta Faɗi Ƙasa

Kowace shekara, da damina ta kama, iskar hadari takan karya itatuwa da turakun wayar lantarki a birane da ƙauyukan ƙasar nan. A watan Afrilu na 2017 wata babbar waya ta tsinke ta faɗa kan wani gidan kallon ƙwallo mai rufin kwano a Kalaba, mutane da dama suka rasa rayukansu. Saboda haka ya wajaba kowane ɗan ƙasa ya san abin da zai yi in ya gamu da irin wannan waya.

Yadda haɗarin yake

Wutar da ke shiga gidaje ƙarfinta kamar bolt 230 ne, amma tana iya kisa. Wayoyin da ke ratsa unguwanni kuwa suna ɗauke da bolt 11,000 ko 33,000. Ba a gane waya mai wuta da ido, gama ba lalle ne ta yi tartsatsi ko ƙara ba. Ko an ɗauke wuta a unguwa, ana iya mayar da ita ba sanarwa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba sai an taɓa wayar ba. In ta kwanta a ƙasa, wuta takan bazu kewaye da ita kamar yadda ruwan tafki ke yi in an jefa dutse, tana raguwa da nisa. Wanda ya buɗe ƙafa ya yi taku, wutar za ta shiga ta ƙafa ɗaya ta fita ta ɗayar. Shi ya sa shanu da jakuna suka fi saurin halaka, domin tazarar da ke tsakanin ƙafafunsu.

Abin da za a yi

1. A tsaya nesa, aƙalla mita 10, watau kamar yadi 11. A kauce wa ruwan da ya kwanta, da shingen ƙarfe, da itacen da wayar ta taɓa.

2. Wanda ya tarar da kansa kusa, kada ya ruga. Ya haɗa ƙafafunsa, ya riƙa jan su a hankali ba tare da ɗagawa ba, har ya yi nisa.

3. In waya ta faɗa kan mota, na ciki su zauna har ma'aikata su zo. In gobara ta tilasta fita, mutum ya yi tsalle ƙafafu a haɗe, kada ya taɓa mota da ƙasa lokaci guda.

4. Kada a kama wanda wuta ta riƙe, kada kuma a ture wayar da sanda. Ko busasshiyar gora ba ta tare irin wannan wuta. Tausayin da ba sani yakan mai da gawa ɗaya ta zama biyu.

5. A sanar da ofishin kamfanin wuta da 'yan sanda, ko a buga lamba 112. Kafin su iso, wani babba ya tsaya daga nesa yana hana yara da dabbobi wucewa.

Ana roƙon masu unguwanni da limamai da malaman makaranta su karanta wa jama'a wannan bayani. Rigakafi ya fi magani.