Yadda Ingila Ta Ci Garin Kale, Ta Riƙe Shi Shekara 210

Da Sarki Edwad na Uku na Ingila ya tarwatsa rundunar Faransa a Kiresi cikin Agustan 1346, bai doshi Faris ba. Arewa ya yi, zuwa Kale, garin bakin teku da ke fuskantar Doba ta ƙasar Ingila. Sarkin da ke tsallaka teku don yaƙi, in ba shi da tashar kansa, kowace shekara sai ya fara da neman inda zai sauke dawaki da kibau da hatsi a ƙasar abokan gaba.

Aikin farko zama ne. Kale na da ganuwa da gwalalo biyu cike da ruwa, ga fadama kewaye da ita, ba a iya haƙa ta ƙarƙashi. Sai Edwad ya gina wa mayaƙansa garin katako a bayan ganuwa, har da kasuwa mai ci Laraba da Asabar.

Sai toshe bakin ruwa, don duk tsawon hunturu jiragen Faransa na sulalewa da abinci. A Afrilun 1347 Turawan Ingila suka kame tudun yashi na Risban da ke bakin tashar, suka kafa hasumiyar katako. Daga nan yunwa ta karɓi aikin. Jan da Biyen, shugaban tsaron garin, ya fitar da ɗaruruwan marasa ƙarfi don abinci ya isa, Edwad ya hana su wucewa, suka mutu tsakanin ganuwa da sansani. Wannan rashin imani ne, ko da wane suna aka kira shi. Sarki Filib na Shida na Faransa ya iso Sangat, kusa da Kale, da rundunarsa a ƙarshen Yuli, ya tarar an tsare hanyoyin fadama, ya juya. Ranar 3 ga Agusta garin ya miƙa wuya.

A ganina, abin da ya biyo baya ya fi kewayewar nuna dabara. Edwad ya kori yawancin mutanen garin, ya raba gidajensu ga 'yan Ingila, don kada wani ya buɗe wa Faransa ƙofa cikin dare. To, dakarun da za su zauna gadi rani da damina fa, wa zai biya su? Ulu. A 1363 aka wajabta wa fatake su kai ulun Ingila Kale kafin a sayar wa masaƙan Filandas. Kuɗin fito ya taru wuri guda, har a 1466 ƙungiyar fataken ta ɗauki nauyin albashin dakarun kai tsaye.

Da haka tashar ta zama ƙofar shiga, kuma mafakar dawowa. Kale ce Sarki Henri na Biyar na Ingila ya nufa da gajiyayyun mayaƙansa a 1415 sa'ad da Faransawa suka tare shi a Azinkur. Ko da Ingila ta rasa yankunan Nomandi da Gaskoni na Faransa zuwa 1453, Kale na hannunta, sai a Janairun 1558 Faranswa na Giz, jagoran rundunar Faransa, ya ƙwace ta cikin mako guda.