Faifan DVD ya yi a shago, ya cije a gida: ina matsalar take?

Sana'ata a nan Legas ita ce ɗaukar bidiyo da ɗora shi a faifai: ɗaurin aure, suna, saukar karatu, maulidi, tafsirin azumi. Waya da filas sun cinye kasuwarmu, babu musu, amma har gobe ana zuwa a yi DVD, musamman don aika wa iyaye a Arewa, inda na'urar kallo take nan daram a ɗakin Hajiya. Ƙorafin da na fi ji guda ne: an gwada faifai a shago ya yi, an kai gida ya kusa ƙarewa sai ya cije. Mai shago ya ce emtin, wato faifan da ake saya ba komai a kansa, shi ne ba shi da kyau, mai sayar da emti ya ce injin mai shago ne ya gaji, kwastoma ya rasa wanda zai riƙe.

Abin da aiki ya nuna min shi ne, ba a yanke wa emti hukunci shi kaɗai, haka ma raita, wato injin da yake ɗora bidiyo a faifai. Inganci yana fitowa ne daga yadda su biyun suka dace da juna. Emtin da ya fito tas a raitar maƙwabcinka zai iya ba ka kunya a taka, alhali daga kwali ɗaya aka ciro su.

Ga dalili. Emtin DVD roba biyu ne aka manne, kowanne kaurinsa milimita 0.6, a tsakaninsu akwai shimfiɗar rini, wato shuɗi-shuɗin nan mai sirkin ja da kake gani in ka kifa shi. Hasken leza ne yake ƙona ƙananan tabo a jikin rinin, tabon nan su ne fim ɗinka. Faifan kamfani na asali ba haka ake yin sa ba, bugawa ake yi da maɗaba'a, shi ya sa ya fi jure wahala. To kowace masana'anta da irin rininta, kowane rini kuma da zafin da yake so. Kamar waina ce: ƙullu ko ya kai ƙullu, in wutar tanda ba ta daidaita ba, ko ta ƙone ko ta fito da ɗanyen ciki. Don haka kowane emti yana ɗauke da ɓoyayyar lambar masana'antar da ta yi shi. Da ka saka shi, raita za ta karanta lambar, ta duba jadawalin da ke ƙwaƙwalwarta ta ga yadda ake ƙona irinsa. In ta san shi, madalla. In ba ta san shi ba, sai ta yi kirdado. Tsohuwar raita da sabon samfurin emti, nan ne ake yawan samun matsala, kuma sau da yawa sabunta manhajar cikin raitar kaɗai yana gyara ta.

Sunan da aka rubuta a bayan faifai ba lallai ne shi ne na masana'anta ba. Manhajar ImgBurn, wadda kyauta ce, tana nuna lambar gaskiya: MCC 004 na Mitsubishi ne masu Verbatim a da, TYG02 da TYG03 na Taiyo Yuden ne na Japan, akwai CMC MAG da RITEK na Taiwan. Sai dai a kula. Taiyo Yuden sun daina yin faifai tun 2015, a 2019 kuma aka sanar da sayar da Verbatim ga CMC Magnetics. Sannan an daɗe da sanin cewa wasu ƙananan masana'antu suna satar lambar manyan su saka a kayansu. Raita ta ga lamba ta ɗauka mai kyau ne, ta ƙona shi da zafin da ba nasa ba. Ke nan lamba alama ce kawai, ba shaida ba.

Shaida sai an auna. Babu DVD ɗin da ba shi da kurakurai. Na'urar kallo ce take gyara su tana tafiya ba tare da ka lura ba, har sai sun fi ƙarfinta. Ƙa'idar da aka gindaya ta ce ƙananan kurakuran da ake kira PIE kada su wuce 280 a cikin rukunin bayanai 8 a jere, manyan da ake kira PIF kuma kada su wuce 4 a rukuni guda. Nero DiscSpeed ko Opti Drive Control suna zana maka wannan a allo daga farkon faifai zuwa ƙarshe. Ba kowace raita ce take iya awon ba. Na Lite-On sun yi suna a kansa, kuma mai haƙurin nema zai iya dacewa da tsohuwarta a Computer Village da ke Ikeja. Sabon faifan da ya fara rayuwa kusa da 280 ba shi da sauran wurin tsufa, zafi kaɗan ko ƙarce guda ya isa ya kayar da shi. Ni wanda ya tsaya a 'yan gomomi nake miƙa wa mutum hankalina kwance. Kuma in za ka gwada raita da raita, ka ƙona a kowacce amma ka auna duka a guda ɗaya, domin mai awon ma tana da nata halin.

A zanen, gefen dama za ka fi sa wa ido. Rubutu yana farawa daga tsakiyar faifai ya nufi baki, kuma a bakin ne rinin emti mai arha yake fin rashin daidaito. Shi ya sa bidiyon biki yake tafiya lafiya, sai an zo kai amarya ya tsaya cak. Faifan da aka rubuta wa 4.7GB a kwamfuta 4.38GB yake nunawa. In emtin ba amintacce ba ne, kada ka cika shi maƙil, tsaya a wajen 4.

Batun gudu kuwa, mu masu sana'a mun kasu biyu, kuma duka ɓangarorin suna wuce gona da iri. Masu sauri suna sa 16x don su gama cikin kamar minti 6. Masu tsoro suna komawa 2x wai a hankali ya fi kama. Rinin emtin 16x an yi shi ne don gudu, jan ƙafa sosai yakan ɓata shi. A gwaje-gwajena 8x ko 6x ne suka fi fitowa da kyau, bambancin lokacin kuma bai wuce 'yan mintoci ba.

Masu injin kwafi mai bakuna da yawa, ku sa wa kowane baki lamba. Ba tare suke tsufa ba. Guda zai gaji ya riƙa fitar da gurɓatacce a kowane zubi, ku kuna zagin emti. Ku kuma haɗa injin da UPS, don ɗaukewar wuta ana tsakiyar aiki asarar faifai ce kai tsaye.

Saura ajiya. Rana tana cin rini, damshin Legas kuma yana shiga ta inda mannin robar ya yi rauni. Faifan da aka shanya a tebur bakin titi ya fara mutuwa tun kafin a saye shi. A sa shi a gidansa, a tsaye, a inuwa, kada a manna masa takarda.

Kai kuma kwastoma, kada ka yarda a gwada maka a kwamfuta, domin ta fi na'urar gida haƙuri da faifai mai rauni. Ka ce a saka a DVD irin ta gida, a tsallaka zuwa mintocin ƙarshe ka gani da idonka. In abin tarihi ne, irin auren 'yarka ko karatun malamin da ya riga mu gidan gaskiya, nemi kwafi biyu a emti iri daban-daban, sannan a zuba maka ainihin bidiyon a filas. Abokan sana'a kuma, don Allah kafin ku sayi katan, ku sayi 'yan ƙwayoyi ku gwada a injinku tukuna.