Gizo-gizo Mai Saƙar Faifai

Kai mai karatu, lalle ka taɓa sammako gona, yanar gizo ta shafe maka fuska. Watakila ka yi tsaki ka wuce. To, yau tsaya mu dubi mai saƙar.

Da fari ka sani gizo-gizo ba dangin ƙuda da fara ba ne. Su ƙafa 6 gare su, jikinsu kashi uku. Shi kuwa ƙafa 8 gare shi, jikinsa kashi biyu, ba shi da fiffike. Masana sun ƙidaya irinsa fiye da 50,000 a duniya. A cikinsu akwai dangi guda da su ke kira Araneidae, masu iri fiye da 3,000, su ne masu saƙa zagayayyiya kamar faifai. Zaren da ya miƙe daga tsakiya ba shi da danƙo, a kansa gizo ya ke tafiya. Wanda ya kewaya shi ne mai danƙo, shi ke kama ƙwaro.

Yaya a ke rarrabe su? Kowane iri suna biyu a ke ba shi da harshen Latin, na fari na gidansu, na biyu nasa na kansa. Wani masani mutumin Suwidin, Linnaeus, shi ya daidaita wannan hanya ga dabbobi a 1758. Ga gida uku da za ka iya ganewa da idonka.

Na fari Trichonephila, wanda dā a ke haɗa shi cikin Nephila. Macen babba ce, mai dogayen ƙafafu, zarenta rawaya ne kamar zinariya. Namijin ɗan mitsitsi ne, a gefen yanarta ya ke raɓewa. Wani irinsa sunansa senegalensis, watau na ƙasar Senegal.

Na biyu Argiope. Ya kan zauna tsakiyar yana, kai ƙasa, ƙafafu bibbiyu a haɗe, ya yi farin ado mai lanƙwashe-lanƙwashe a saƙarsa, sai ka ce aikin allura a wuyan riga.

Na uku Gasteracantha, ƙarami, mai taurin baya, galibi da ƙaya 6 a gefe.

Amma launi ya kan ruɗi mutum, gama iri ɗaya ya kan sāke kama daga ƙasa zuwa ƙasa. Saboda haka masani ba ya yanke magana sai ya sa gizo ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu, ya duba gaɓoɓinsa na haihuwa, don na kowane iri dabam su ke. Aikin kuwa bai ƙare ba. A 2010 aka ba wani na tsibirin Madagaska suna, Caerostris darwini, wanda zarensa ya kan ƙetare kogi, har tsawon mita 25.

Ina amfanin sanin wannan? Mutane da yawa in sun ga babban gizo sai su kashe shi don tsoro. Alhali waɗannan dafinsu na ƙwari ne, ba ya kashe mutum. Ƙuda da sauro da ƙananan fara su ne abincinsu, ɗan ƙodago ne da ba ya neman lada.

Gobe da sassafe, kafin raɓa ta bushe, nemi yana guda. Ƙidaya ƙafafun mai ita, dubi launin zaren, ka ga ko za ka iya faɗin gidansu. Sa'an nan ka bar masa saƙarsa.