Huhu da ciwon da ke daɗewa bayan korona

1. Mu lura

Kowa ya ɗora hannunsa bisa ƙirjinsa. Ku shaƙi iska sannu, ku sake ta sannu. Mi kuka ji? Ƙirji yana tashi, yana sauka. Wannan shi ne numfashi.

Yanzu malam zai duba agogo. Ku ƙirga numfashinku har minti 1 ya cika, ku rubuta adadin bisa allo. Sa'an nan ku fita fili, ku zagaya makaranta da gudu, ku komo ku sake ƙirgawa. Za ku ga adadin ya ƙaru, domin jikin da ya yi aiki ya fi bukatar iska.

Babban mutum mai lafiya, in yana zaune, yakan yi numfashi sau 12 zuwa sau 20 cikin minti 1. Yaro ya fi babba saurin numfashi.

2. Yadda huhu yake aiki

Huhu biyu gare mu cikin ƙirji. Na dama ya rabu kashi 3, na hagu kashi 2, domin ya bar wa zuciya wuri. Iska tana shiga ta hanci, ta bi maƙogwaro, ta rarrabu cikin ƙananan hanyoyi kamar rassan icce. A ƙarshen kowane ƙaramin reshe akwai ƴan jakunkuna na iska. Ido ba ya ganinsu. Yawansu ya kai miliyan 300, har ya fi.

Bangon jakar nan siriri ne ƙwarai, kuma ƙananan jijiyoyin jini sun kewaye ta. A nan ne iska mai amfani, wadda ake kira oksijen, take ƙetarawa ta shiga jini. Jini ya kai ta ko'ina cikin jiki. Gurɓatacciyar iska kuwa ta fito daga jini, mu fitar da ita waje. In bangon nan ya kumbura ko ya yi kauri, oksijen ba ta ƙetarawa sosai. Sai mutum ya riƙa haki, ko bai yi gudu ba.

3. Cutar korona

Birus wata irin ƙwayar cuta ce, ƙanƙanuwa ƙwarai. Ba ta iya hayayyafa sai cikin jikin mai rai. Birus ne ke kawo mura da ƙyanda da shan inna.

A watan Disamba na 2019, aka ga wata sabuwar cutar huhu a birnin Wuhan na ƙasar Sin. Birus ɗin korona ne ya kawo ta, aka sa mata suna Kobid-19. Tana bin iska, in maras lafiya ya yi tari ko atishawa ko magana. Cikin ƴan watanni ta bazu duniya. A Nijar, cikin watan Maris na 2020 aka samu mutum na farko da ya kamu, a Yamai. A watan Mayu na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce lokacin gaggawa ya wuce. Amma birus ɗin bai ɓace ba.

Yawancin waɗanda suka kamu sun warke cikin ƴan makonni. Wasu kuwa zazzaɓi ya tafi, awo ya nuna ba birus a hancinsu, amma ƙarfinsu bai komo ba. Kun san in fara ta sauka a gona, ranar da ta tashi ba ranar ce gona take komawa kore ba. Haka wannan ciwo yake. Marasa lafiyar da kansu ne suka fara raɗa masa suna a 2020. Mu za mu kira shi korona mai daɗewa.

4. Alamun korona mai daɗewa

A watan Oktoba na 2021, OMS ta bayyana yadda za a gane shi. Mutum ya yi korona, wata 3 sun wuce, yana da alamun da suka kai wata 2 ba su rabu da shi ba, kuma likita bai sami wani ciwo dabam da ya kawo su ba. Manyan alamun su ne:

a) gajiya mai tsanani, wadda barci ba ya maganinta;
b) haki da ƙarancin numfashi;
c) mantuwa da wuyar tara hankali wuri ɗaya.

Wasu suna tari, wasu ba su jin ƙanshi ko ɗanɗanon abinci. Masana sun ƙiyasta cewa cikin mutum 100 da korona ta kayar, wajen 6 suna fama da wannan ciwo. Ya fi kama manya, amma yara ma yakan same su.

5. Yadda masana suka yi bincike

Bincike ba duba ba ne, ba kuma ji-ta-ji-ta ba ne. Mai bincike yana tambaya, yana awo, yana ƙirgawa, yana rubutawa. Ga misali biyu.

Na farko, a Wuhan. Likitoci suka kira mutum 1733 waɗanda suka kwanta asibiti da korona aka sallame su. Bayan wajen wata 6, suka yi musu tambayoyi, suka sa su tafiya ta minti 6 don a ga nisan da za su kai, suka auna ƙarfin huhun wasunsu. Suka tarar fiye da rabinsu suna da sauran alama ko guda ɗaya. Wadda ta fi yawa ita ce gajiya da rashin ƙarfin jiki. An buga sakamakon a 2021.

Na biyu, a Ingila, a jami'o'in Oksford da Shefil. Akwai marasa lafiya masu haki, amma hoton ƙirjinsu bai nuna kome ba. Sai masana suka ba su wata iska mai suna zenon suka shaƙa, suka riƙe numfashi na ƴan daƙiƙoƙi cikin wata babbar na'ura mai aiki da maganaɗisu. Na'urar tana ganin inda zenon ta bi. A jikin wasu daga cikinsu, aka ga iskar ta shiga huhu, amma ba ta ƙetara cikin jini yadda ya kamata ba. Ashe ciwon yana nan. Hoton farko ne bai iya ganinsa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yi masa yoyo.

Mi ke sa ciwon daɗewa? Masana suna bin sawu uku: ko ɓurɓushin birus ya ɓoye cikin jiki, ko dakarun jini masu kare mu sun ci gaba da faɗa bayan abokin gaba ya tafi, ko ƙananan jijiyoyin jini sun samu rauni.

Ba korona kaɗai ke barin baya da ƙura ba. Ƙyanda, wadda muka sani a ƙasarmu, tana raunana garkuwar jikin yaro. Bayan ƙuraje sun baje, ciwon huhu ko zawo yakan same shi da sauƙi. Shi ya sa ake yi wa jarirai allurar rigakafinta.

6. Abin da za mu yi

In wani ya tashi daga ciwo yana cewa ya gaji, kada mu ce masa rago. Mu taimake shi da ɗibar ruwa da sauran aiki. Ya koma aiki kaɗan-kaɗan, in ya ji gajiya ya huta, domin matsa wa jiki yana iya maido da ciwon baya. Sannu ba ta hana zuwa. Da yawa daga cikin masu ciwon suna samun sauƙi a hankali.

Mu kiyaye huhunmu daga hayaƙin taba da hayaƙin murhu cikin ɗaki rufe. Mu rufe baki da hanci in za mu yi tari. Bincike ya nuna allurar rigakafin korona tana rage haɗarin korona mai daɗewa.

Hattara! Ba kowane dogon tari ne na korona ba. Wanda tarinsa ya wuce mako 2, a kai shi gidan likita a auna majinar ƙirjinsa, domin yana iya zama tarin fuka. Tarin fuka yana da magani, kuma yana warkewa in an sha maganin har ƙarshe.

Mu riƙe: tafiyar zazzaɓi ba ita ce ƙarshen ciwo ba. Ciwon da ido bai gani ba, shi ma ciwo ne.

Tambayoyi

1. A wane wuri cikin huhu oksijen take shiga jini?
2. Kawo manyan alamu 3 na korona mai daɗewa.
3. Mi iskar zenon ta nuna wa masana a Ingila?
4. Don mi za a kai mai dogon tari gidan likita?

Lissafi

1. Mutum yana numfashi sau 15 cikin minti 1. Sau nawa zai yi cikin awa 1? Cikin awa 24 fa?
2. In mutum 6 cikin 100 suna samun korona mai daɗewa, mutum nawa za su same ta cikin 500?

Aiki

Zana huhu biyu cikin littafinka. Nuna maƙogwaro da rassa da jakunkunan iska.