RUWAN CIYAWAR TEKU A GONAR WAKEN SOYA: JAWO HANKALIN MANOMA

Waken soya ya shigo Nijeriya tun shekarar 1908, ya fara kafuwa a ƙasar Tibi ta jihar Binuwai. A yau manoman Abaji, wadda ke kan hanyar Abuja zuwa Lakwaja a cikin Yankin Birnin Tarayya, suna cikin masu noma shi. Akwai wani ruwan feshi da ake tatsowa daga ciyawar teku, wanda masu sayarwa ke cewa yana ƙara yabanya. Ya kamata manomi ya san gaskiyarsa kafin ya ɓatar da kuɗinsa.

Mene ne shi?

Ciyawar teku wata irin gansakuka ce mai tsirowa a cikin ruwan gishiri. Tun zamanin da, manoman bakin teku a Turai suke zuba ta a gonakinsu. Wajen shekarar 1950 aka fara tatsar ruwanta a Ingila ana sayarwa cikin kwalabe. Irin da aka fi amfani da su guda biyu ne: Ascophyllum na gaɓar Norway da Kanada, da kuma Ecklonia na Afirka ta Kudu.

Aikinsa

Wannan ruwa ba taki ba ne, gama abincin shuka da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Aikinsa shi ne zaburar da shuka ta yi saiwa mai yawa, ta sha ruwa da abincin da ke ƙasa sosai, ta kuma jure ɗan fari. Waken soya kuwa ya fi jin ƙishi lokacin da yake fure da lokacin da ƙwaya ke cika. In ruwa ya yanke a waɗannan kwanaki, fure ya kan zube, amfani ya ragu. Gwaje-gwajen masana sun nuna ƙarin yabanya a waɗansu gonaki, a waɗansu kuma ba a ga wani bambanci ba.

Abubuwan da ba ya maye gurbinsu

Na farko, iri mai kyau, kamar ire-iren TGx da Cibiyar IITA ta Ibadan ta fitar. Na biyu, takin sufa, domin ƙasar da ba ta da sinadarin fosfaras ba ta ba da wake. Na uku, garin ƙwayoyin halitta da ake cuɗa iri da shi, irin su NoduMax, wanda ke sa saiwa ta yi ƙulle-ƙullen da ke janyo wa shuka naitirojin daga iska. Na huɗu, shuka a kan kari, watau daga Yuni zuwa farkon Yuli, da yin noma kafin ciyawa ta rufe gona.

Yadda ake fesawa

A karanta takardar da ke jikin kwalba, a bi ma'aunin da aka rubuta, kada a ƙara. A fesa a kan ganye da sassafe ko da maraice, sau biyu ko uku: sa'ad da shuka ke ƙarama, da farkon fure, da farkon fitar kwanso. Kada a saya sai a wurin dillalin da aka sani.

Gargaɗi

Tun shekarar 2011 teku ke amayo wata ciyawa mai suna Sargassum a gaɓar Afirka ta Yamma, har da Legas. Tana da gishiri, ta kan kuma ɗauki gubar arsenik. Kada a zuba ta ɗanya a gona.

Gani ya kori ji

Manomi ya ware kunya goma ya fesa, ya bar goma a gefensu ba feshi, iri ɗaya, taki ɗaya. Da kaka ya casa kowanne dabam, ya auna da mudu ɗaya. In kuɗin ƙarin waken ya fi na kwalba da ladan feshi, ya faɗaɗa baɗi. In bai fi ba, kuɗin ya fi amfani a wurin takin sufa. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa.